Sunan Uwar Mazin

Birnin Mansura, ranar Lahadi

Abu Mazin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma zafin Kuwait bai ƙarasa sauran gashin kanka ba. Yaya ciwon bayan? Mu nan da sauƙi. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ka, za ka fara faɗa tun ban kai rabi ba.

Kwanan nan kullum safiya sai Mazin ya ce cikinsa na ciwo, ba zai je makaranta ba. Likita ya ce ƙalau yake. Jiya yayarsa Salsabil tana taje gashi, ta hango shi a bakin ƙofarta da waya a hannu. Ta ce, "Kai jaki, hoton wa kake ɗauka?" Ya yar da wayar, ya fashe da kuka.

Ga yadda abin yake. A wasan harbe-harben nan na waya ya haɗu da wani mai kiran kansa Shaihu. Mutumin ya yi ta jan sa a jiki, har ya gano yana tsoron jarrabawar lissafi. Sai ya ce zai yi masa addu'a, amma addu'a ba ta kamawa sai da sunan uwa. Ka dai san yaran ƙasar nan, abin kunya ne a wurinsu a san sunan uwarsu. Ɗanka, da ko a katin asibiti yake rufe sunana da yatsa, ya rubuta masa. Yanzu Shaihu ya ce ko ya turo hoton yayarsa ba ɗankwali, ko shi ya watsa sunana a zauren hirar 'yan ajinsu.

Na ce, "A kan wannan za ka ba da yayarka?" Ya ce, "Mama, ba ki san su ba. Tamir da suka ji na mamarsa, ɗan Su'ad suka yi ta kiran sa har ya bar makarantar."

Bai tura komai ba tukuna, na duba har idona ya gaji. Amma na kasa zama wuri ɗaya. Shekara da shekaru ina koyar da shari'a a jami'a, ashe ni ce abin ɓoyewar gidan nan.

Ka gaida abokan aikinka.

Matarka,
Inshira

Mansura, ranar Alhamis

Abu Mazin,

Ina gaisuwa, da fatan hawan jinin ya sauka. Na ji saƙonka: a ƙwace waya, a yanke intanet. Madalla. Sai dai Shaihu ba ya buƙatar wayar Mazin kafin ya cika alkawarinsa.

Na je wurin 'yan sanda. Jami'in ya ce mutumin ba a ƙasar nan yake ba, kamfanin wasan kuma ba ya amsa musu. Da ya zo cike gurbin sunan uwar yaro, sai da ya rage murya. Ina zaune a gabansa fa.

Daga can na wuce kwamitinmu mai tsara shawarar dokar kare yara a intanet. Dakta Hilmi ya ce a haramta irin waɗannan wasanni ga duk wanda bai kai shekara sha shida ba. Dakta Mirfat ta ce, "Hilmi, jikana da katin shaidata ya yi rajista. A wurin kamfanin yaron ya kusa ritaya." Na ce a tilasta wa kamfanonin su ajiye mutum mai jin Larabci da zai amsa kukan iyaye, a kuma hana baƙon babba tura wa yaro saƙo. Shugaba ya ce shawara ce mai kyau, a kawo ta zama na gaba. Sai shayi ya iso.

Da na koma gida na ɗauki wayar Mazin, yana riƙe da hannuna yana roƙona. Na tura murya a zauren ajinsu: "Sunana Inshira, ni na haifi Mazin. Wani ƙato yana son ya gaya muku, na rage masa wahala. Shaihu yake kiran kansa a wasan. Duk wanda ya taɓa yi wa magana, ya neme ni."

Shaihu ya ɓace daga wasan. Salsabil ta tsira. Mazin kuwa ya dawo jiya leɓe a fashe, ɗan Inshira suke kiran sa, kuma ya daina yi mini magana. Ban sani ba ko na kyauta. Da shi za a shiga ajin nan kullum, ba da ni ba.

Ɗazu wani yaron ajin ya rubuto mini a keɓe: "Anti, ni na riga na tura masa hoton ƙanwata. Kar ki gaya wa Baba, zai kashe ta." Na ce ya kwantar da hankali, da mahaifiyarsa zan yi magana, mace da mace. Na tambaye shi sunanta don in neme ta. Ina ganin alamar yana rubutu, ya goge, ya sake rubutu, ya goge. Na sa mayafi da takalmi, ina tsaye a bakin ƙofa, har yanzu bai turo ba.

Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Inshira