Ki Ƙarasa Zanen da Kika Fara

Sabon Gari, Minna

Zuwa ga jikata, amaryata Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, ke da wannan malamin da ya fake da karatu ya ɗauke min ke zuwa Ingila. Ki gaishe shi, ki ce masa aro na ba shi, ban sake ki ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Da hannuna nake rubuta miki. In kin ga layin yana hawa yana sauka, ki tuna kakanki sai da ya yi furfura ya zauna a bencin yaƙi da jahilci.

Ƙunshin da kika aiko ya iso, a rumfa na buɗe shi gaban kowa. Hauwa, ashe da gaske kike! Ga zanen yaran ajinki, 'yan firamare, kowane ya zana gaban babbar riga a takarda. Wani ya shafa wa askokin adon gaban rigar ja da ruwan ɗorawa. Wata kuma ta kifar da su gaba ɗaya, tsininsu na kallon sama. Malam Garba mai ɗinki ya yi dariya har allura ta suɓuce masa, ya ce wannan rigar sai dai mai ita ya yi tafiya da ka. Ni ma na yi dariya, har na rasa ko hawayen nawa na dariyar ne.

Kin san aikinmu. Mu zana da alƙalami da tawada, mai ɗinki ya bi da zare ya rufe layinmu. A yaba mai riga, a tambayi wa ya ɗinka, ba mai tambayar wa ya zana. Yau ga abin da mahaifina ya sauko da shi daga jirgin ƙasa a garin nan, 'ya'yan Turawa na koyon sa a hannun jikata.

Ban iya zama ba. Na sa hula na kai wa tsohon aminina Baba Yakubu zanen a Shango, na same shi ya dawo daga gonar doya. Ya juya takardun, ya ce da irin Hausar nan tasa, “Yarinyan nan da yana sata maka tawada, shi ne yana koya ma Bature?” Sai da ya ƙwace guda, wai zai nuna a coci ranar Lahadi.

Bai manta ba, ni ma haka. Kina 'yar mitsitsiya kika ɗauke min kwalbar tawada, kika je kika zana tambari a katangar maƙwabta, zagaye cikin zagaye, ba ki ɗaga hannu ba har kika rufe shi. Kakarki, Allah ya jiƙan ta, ta fito da tsintsiya tana cewa, “Kai ka lalata ta, mace da alƙalamin riga!” Amma da maƙwabta suka ce a wanke, ita ce ta yi ta ja musu rai har damina ta wanke da kanta.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Babanki ya gaya miki maganar idona, kuma na ji kin ce za ki ajiye ajin a tsakiyar shekara ki taho. Bai yi ƙarya ba. Na hagu ya tafi. Na dama yana gani kamar ta bayan farin ƙyalle, likita kuma bai yi min alkawarin komai ba.

Duk da haka ban yarda ki taho yanzu ba.

A wurinmu, wanda ya fara zana riga shi yake ƙarasa ta. Ni da ƙanena Audu ubanmu ɗaya, shi ya koya mana a tabarma ɗaya, amma in Audu ya ƙarasa tawa, mai ɗinki zai sa yatsa a daidai inda hannu ya sauya. Allura takan ruɗe a wurin, ɗinkin ya karkace. Na ga mahaifina yana rawar sanyi da zazzaɓi, an jingina shi da bango, yana ƙarasa rigar wani bai bari mun taɓa ba.

Yaran nan rabin riga ne a hannunki. Ke kika ce wani yaro da ba ya magana a aji ya fara ɗaga takardarsa yana nuna miki. In kika tafi, wa zai nuna wa? Wata malamar za ta zo da nata hannun, mai kyau ma wataƙila, amma ba shi suka fara bi ba.

Na san abin da nake faɗa, 'yar nan. Mai yiwuwa ki dawo ki tsaya a gabana in ce wace ce. Na zauna na auna wannan, na karɓa. Hoton da kika haɗo, kina tsaye gaban allo da alli a hannu, kullum da hantsi nakan fito da shi bakin zaure inda haske ya fi ƙarfi, in dube ki sosai. Ina tara kallo. Ran da kika zo, ki yi sallama kawai da ƙarfi, sauran yana wurina.

Na kira babanki na gaya masa kada ya sake ɗaga miki hankali. Ya ce to.

Allah ya yi miki albarka, ya sa wa hannunki albarka. Allah ya raya yaran nan, ya ba ki haƙurin zama da su. Ya dawo min da ke lafiya bayan kin gama, ko ina gani ko ba na gani. Amin.

Ni ne kakanki mai alfahari da ke,
Malam Isa mai zane