Mai Reno, Ba a San Sunanta Ba

Alƙahira, 9 ga Maris, 2013

Zuwa ga Yayata Zeinabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, zan faɗa miki abin da na gani da idona ranar Asabar da ta wuce.

Malamai biyu daga jami'armu ta gida sun zo taro, ɗayansu Farfesa Lawali, shugaban sashenmu. Suka nemi in kai su wani tsohon gida a unguwar Ma'adi, wanda wani likita Ba'amurke ya zauna a ciki da iyalinsa shekaru masu yawa, yanzu kuma an buɗe shi ga masu ziyara. Hajiya, mahaifiyar matata Mahasin, ta zo mana kwana biyu daga unguwarsu, Arba wa Nus. Da ta ji inda za mu, ta ce za ta bi mu. Ba ta faɗi dalili ba, ni kuma ba na tambayar suruka dalili.

Da muka isa, mu muka hau matakalar gaba. Ita ta zaga ta gefen lambu ba tare da an nuna mata hanya ba, ta shiga ta ƙofar baya, ta tuɓe takalmanta. A ɗakin girki muka same ta. Mai yi mana bayani, wata budurwa Bamisriya, tana nuna mana tukwanen tagulla da ƙararrawar kiran ma'aikata, da Turanci saboda baƙi. A bango akwai hoton wata baƙar yarinya goye da ɗan Bature, irin goyonmu, da zane da majanyi. A ƙasa an rubuta: "Mai reno. Ba a san sunanta ba."

Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da Hausa, a hankali, "Yaron nan ba ya barci sai na goya shi. Uwarsa ta hana, da kukan ya ishe ta ta ƙyale ni."

Farfesa ya fassara. Budurwar ta dafa ƙirji, ta ɗauko alƙalami, ta tambaye ni sunan. Na yi shiru, muka wuce falo.

Kin san ban taɓa kama sunan Hajiya da bakina ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. Ita kuma ba ta jin Turanci, don haka na ɗauka abin ya wuce ta. Amma washegari matata ta raka ta gida, har yau ba ta dawo ba. In na kira, sai ta ce, "Khalas, shi ke nan, Malam, muna lafiya." Ina neman shawararki.

Ƙanenki,
Uzairu

Baltimore, 21 ga Maris

Uzairu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sanyi ne dai ya ƙi tafiya. Wasiƙarka ta zo, na karanta ta sau biyu, kamar ina karanta rahoton ɗan sanda.

Malam mai digiri, matar da ta yi renon 'ya'yan Amurkawa tun tana budurwa, ita ce ba ta jin Turanci? Da wane yare take ce wa yaron ya sha magani, da Sakkwatanci?

Bara makarantar su Hanifa ta kai yara wani tsohon gidan gona a Virginia, na bi su. Mun ga gadon mai gidan, mun ga cokulan azurfa, har sunayen dawakinsa an rubuta a barga. Can baya kuma ɗakunan katako na bayin da suka dafa abincin, ba suna ko ɗaya. Hanifa ta ja mini mayafi ta ce, "Mama, su ba a yi musu raɗin suna ba ne?" Su waɗancan sun mutu, ba mai faɗa. Kai taka tana tsaye kusa da kai da ranta, alƙalami a buɗe, ka rufe baki.

Kuma kar ka raina mini hankali. Mahasin 'yar Hausa ce, ko da a Sudan aka haife ta. Ta san kunyar suruka, ba za ta bar ɗakinta don wannan ba. Akwai abin da ka bari bai shiga takarda ba. Tun kana yaro haka kake, in ka fasa kwano sai ka ce kwano ya fashe.

Ka je ka durƙusa. Ka gaishe su duka.

Yayarka,
Zeinabu

Alƙahira, 6 ga Afrilu

Yaya,

Sallama da gaisuwar girmamawa. Na bi umarninki.

Na je Arba wa Nus, na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda na saba, kaina a ƙasa. Hajiya ta ce mini in shigo in zauna kafin shayi ya huce. Da Turanci ta faɗa, tsantsa irin na Amurkawa, wanda ya fi nawa kyau. Mahasin tana tsaye bayan labule, na ji ta danne dariya.

Na tambayi Hajiya, da dukan ladabin da na iya, me ya hana ta faɗin sunan da kanta. Ta ce, "A gidan likitan ba na magana sai an tambaye ni. Yarinyar mai bayani kai ta tambaya, ba ni ba." Ta kurɓi shayi ta ƙara da cewa, "Yalla, tashi ka mayar da ni can."

Muka koma mu uku. A bakin matakala na roƙe ta ta shiga ta gaba. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri ɗana, ƙafata ta saba," ta nufi lambu. Na bi ta, na tuɓe takalmana kusa da nata. Ta nuna wa Mahasin ɗakin da take kwana a kan rufi, wanda ba ya cikin abin da ake nuna wa baƙi. Yanzu tsintsiyoyi ake ajiyewa a ciki.

Budurwar ta gane mu, ta sake ɗauko alƙalami. Hajiya ta dube ni. Na faɗa: Awadiyya Ya'ƙub. Na kuma ce surukata ce, uwar matata.

Hajiya ta ce, "Ashe ka san shi." Sannan ta gyara mini yadda ake jan ƙarshensa.

Mahasin ta ce za ta dawo ranar da ta ga rubutun a bango. Na ce hakan daidai ne.

Ƙanenki,
Uzairu

Alƙahira, 2 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. An sauya rubutun. Mahasin ta je ta gani, ta dawo gida jiya, tana gaishe ki da Hanifa. Na aika wa Farfesa Lawali hoton bangon, da bayanin wace ce.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Uzairu Sulaimanu

Gyara ɗaya ga wasiƙata ta farko. Na rubuta cewa budurwar ta tambaye ni sunan, na yi shiru. Tambaya biyu ta yi. Ta biyun ita ce, "Mece ce ita a wurinka?" Wannan babu al'adar da ta hana ni amsa ta, kuma na amsa. Farfesa yana kallona, na ce, "Tare dai muka zo."