Kaset ɗin da Na Ɓoye Miki

Zuwa ga Uwar Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan makwancinki yana da haske. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina da rai ma ba karatu kika iya ba, ni ma haka, wayar nan nake faɗa wa tana rubutawa. Amma raina a ɓace yake, kuma shekara hamsin ke nake kawo wa ɓacin raina. Yanzu wa zan kai wa?

Maganar yayarki ce, Yaya Indo. Faisal, ɗan da ta goya tana tallar gyaɗa a unguwar Tandabawi nan Makka, ya kai ta gidan tsofaffi can wajen unguwar Ka'akiyya. Gidan fes yake, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma Larabcin da ta shekara sittin tana ciniki da shi ya zube daga kanta kaf. Ma'aikata su yi ta yi mata Larabci, ita kuwa ta ƙura wa bango ido. Abinci kuma ta rufe baki gam.

To ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Kin tuna kaset ɗin da alhazai suka kawo miki daga gida, na kiɗan ƙwarya ranar sunan ɗan ƙanenku, wanda Innarku take jan waƙa, mata suna amshi? Na ce miki ya ɓata wajen ƙaura. Bai ɓata ba. Ni na tura shi ƙasan akwatina, ƙarƙashin harami, don kada maƙwabta Larabawa su ce Takari sun fara. Kin neme shi har da hawaye, ina zaune ina kallo. Kika koma ga Allah ba ki sake jin muryar mahaifiyarki ba. Ki yafe mini, Uwar Bashir.

Makon jiya na ɗauko shi da tsohuwar rikodarmu na kai wa yayarki. Ƙwarya na farawa Yaya Indo ta ɗago kai. Ta ɗora tafi a kan farantin abinci tana bugawa, daidai, ba kuskure. Ta yi amshi. Ta kira ni da sunana, ta ce na rame, ta tambayi inda kika shiga. Ta shanye kunu har tana neman ƙari. Kwana uku muna haka.

A na huɗu Faisal ya shigo ya kashe. Wai aibu ne, tsohuwa a bakin kabari, a garin Makka, a sa mata kiɗa. Ya miƙa rikodar ga mushrifa, shugabar ma'aikatan, ta kulle a durowa, wai mamnu'u ne, an hana sai da izinin ɗa. Ni za a koya wa Makka? Ina tura keken ɗawafi, ina dakon kayan alhazai a Mina, tun ba a haife shi ba. Wa ya hana ta jin Alƙur'ani? Safe da yamma ana sa mata, ni ma ina saurare. Amma muryar uwarta ce ta buɗe mata baki. Shi Faisal, mutumin da ko gaisuwa ba ya iya yi mata da Hausa! Abin da ya fi ƙona mini rai, maganar da ya yi ita ce na yi wa kaina ranar da na ɓoye miki.

Yau kwana biyu ba ta sa komai a baki ba. Likita ya ce in ba ta ci ba zuwa Alhamis, roba za su zura mata ta hanci. Yaya Indo fa, wadda rabin unguwa suka ci tuwonta!

To, rikoda suka kulle, ba bakina ba. Tun da kika tafi nake sa kaset ɗin ni kaɗai, har na haddace. Na sauko da ƙwaryarki ta fura daga saman kabad na wanke. Gobe bayan la'asar zan zauna gefen gadonta da farin gemuna, in kifa ƙwarya a cinya, in ja waƙar mata. Su kira Faisal, su kira wanda za su kira. Muryata ba daɗi, kin sha faɗa mini. Ni dai in ja, ita ta amsa, ta sha kununta.

Allah ya jiƙanki, ya kai haske kabarinki. Sai mun iso.

Mijinki mai taurin kai,
Garba mai keke