Leda Biyu Kawai

Daren Talata, tsakiyar damina, Kalgo

Matar Malam Buba na Dangoma ta rasu da la'asar. Jini ne ya ɓalle mata bayan haihuwa, likita ya ce jini leda biyu kawai ake nema. Ni da bakina na ce wa mijin ya kwantar da hankali, ƙungiyarmu ta taimakon al'umma tana da sunayen masu ba da jini shafi guda.

Jinina bai dace da nata ba, sai na bi sunayen ina kira. Sakatarenmu ya ce, "Haba ɗan'uwa, lokacin huɗa ne hwa! In an zuƙe min jini, kai za ka kama min garma?" Na rantse masa na karanta, jini yana dawowa. Ya kashe waya. Shugaba kuwa addu'a ya turo.

Amma jana'iza kowa ya zo, har da rigar ƙungiya, su suka haƙa kabarin.

Da aka rufe ta, Malam Buba ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, Allah shi saka wa ƙungiyarku, kun tsaya mana." Duk bakin nan nawa, sunkuyar da kai na yi na karɓi godiyar.