Ƙarfen da Ya Saki Maganaɗisu

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan karatu na tafiya lafiya. Babanki bai san na rubuto ba. Mahauci ya dawo masa da wuƙaƙen da ya ƙera, wai da sun taɓa ƙashi sai bakin ya ɓalle. Idon ne, Auta. Ya daina gane irin jan da ƙarfe ke yi a wuta. Jiya ya rufe maƙera da rana tsaka, ya zauna ƙofar ɗaki, ko abinci bai taɓa ba. Ga ɓallin ɗaya daga wuƙaƙen na ƙunso miki, tunda karatun ƙarfe kike yi.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi. Don Allah kada ka yi wa Inna faɗa.

Na sa ɓallin a madubin ƙara girma na ɗakin gwajinmu. Baba, ashe cikin ƙarfe ba sumul yake ba, ƙwayoyi ne manne da juna. Na wannan sun yi manya kamar tsakuwa, alamar wuta ta yi yawa kafin ka tsoma shi a mai. Sai na gwada 'yar wuƙar da ka ba ni ta yankan albasa. Nata ƙanana ne, lukui kamar gari. Na daɗe ina kallo.

Ga maganaɗisu na aiko. Ka ɗaura shi a sanda, ka riƙa taɓa ƙarfen yana wuta. Da ya daina kamawa, ka ƙara zuga wutar kaɗan, sai ka tsoma a mai.

'Yarka, Auta

Uwata,

Bayan gaisuwa. Da na karanta sai na ce yarinyar nan boko ya juya mata kai. Innarki ce ta matsa, har ta zauna tana ja mini zuga-zugi. Na taɓa, ya kama. Na sake, ya kama. Can sai na ji sandar ta yi sakayau a hannuna. Ƙarfe ne fa, Uwata, amma ya saki maganaɗisu kamar itace! Na yi salati har innarki ta tsorata. Da ya huce kuma ya sake kamawa. Tun ina yaro nake dukan abin nan, ban san yana da wannan hali ba. Wuƙar ta fito, na sari ƙashi, bakinta ƙalau.

Wata tambaya. Ƙwayoyin nan, ana barin tsoho ya leƙa? Ina so in gan su tun idon bai ƙarasa ba.

Babanki

Baba,

Malaminmu ya yarda. Za a haska maka su a babban allo, kowace ƙwaya kamar tafin hannunka. Ka taho da Inna, zan tarye ku a tasha.

Allah ya kawo ku lafiya.
Auta