Kwabban Baba Sun Ƙi Tsayawa a Hoto

Fort McMurray, Alberta

Zuwa ga Yaya Philomena,

Ki gafarce ni da na ɗora miki karatun wasiƙa bayan ɗawainiyar jinyar Mama. Yaya ƙafarta? Ina fatan mijinki Wilf da yara suna lafiya. Ni lafiyata ƙalau, aiki ma babu laifi.

Na sayi gilashin kyamara mai ƙara girman ƙananan abubuwa, domin in ɗauki hoton tsofaffin kwabban Baba, Mama ta gan su manya tunda idonta ya raunana. Ɗan littafin koyarwar da ya zo da gilashin ya ce a ajiye kwabo gefen taga, a kafa gwiwar hannu a tebur, a riƙe numfashi. Na bi komai dalla-dalla, amma kowace lamba bibbiyu take fitowa. Gord, abokin ɗakina, ya leƙa ya ce, "Cyril, kwabo kake ɗauka ko girgizar ƙasa?" Ya karɓi kyamarar ya danna sau ɗaya, hoto ya fito tas. Littafin ya ce wannan gilashi yana ƙara girman motsin hannu kamar yadda yake ƙara girman kwabo. Wataƙila sanyi ne kawai, kada ki damu.

Allah ya saka miki da alheri. Ina roƙon abu biyu, a rubuce, domin Mama tana zama kusa da waya:

1. Ki ce mata hotunan suna hanya.
2. Shekarun Baba nawa lokacin da hannunsa ya fara rawa?

Ƙaninki,
Cyril