Jan Layi a Waƙar Baba

Troels, ƙanena,

Ya gida? Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau nake a Hobart, nan Ostareliya, aikin kifi na tafiya.

Mama ta faɗa min abin da ka yi. Waƙar da na rubuto ta bikin cikar Baba shekara saba'in, ka karanta a teburin abinci kana tsintar kurakurai, har Gwaggo Gudrun ta ƙware don dariya. Wai har ka ce, "Bodil ta zama 'yar Ostareliya," ko? Marar kunya! Sau nawa na roƙe ka ka nuna min yadda ake sa wa kwamfuta manhajar duba rubutun yarenmu na Danish? Tawa Turanci kawai ta sani, kowace kalma sai ta ja mata jan layi. Ta ina zan gane kuskure?

To, jiya na sa da kaina. Jan ya ragu, amma bai ƙare ba. Wanda ya saura kuskurena ne. Da wa zan yi yaren a nan?

Ga waƙar, na gyara. Ka buga, ka naɗe, ka ajiye kusa da kowane faranti, baƙi su rera tare. Baitin da na yabe ka a ciki kuwa, kada ka nema. Na cire.

Yayarka,
Bodil